Kalma ɗaya a takardar makaranta ta shiga tsakanin ɗana da mahaifinsa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a nan cikin Damagaram, maigidana ɗan kasuwa ne. Babban yaronmu yana da shekara 16. Bayan ya ci jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, mahaifinsa ya ce yana so ya iya Ingilishi saboda hulɗarsa da 'yan kasuwar Najeriya, sai ya kai shi wata makarantar kwana a jihar Kano. Da ya dawo hutun zangon farko ya zo da takardar sakamako. Makinsa ba laifi, amma a wurin da malami ke rubuta bayani kan halin ɗalibi an rubuta kalmomi biyu, "deviant behaviour", aka ƙara da cewa ana son ganin iyaye. Daga ni har Malam babu mai jin Ingilishi, don haka ya kai takardar wurin ɗan wani maƙwabcinmu. Yaron ya duba a wayarsa ya ce ma'anarta fanɗararre. Washegari kuma wani a kasuwa ya ce wa Malam Turawa ba sa faɗin wannan kalma sai ga masu muguwar ɗabi'a ta lalata, irin wadda baki ba ya iya faɗi. Tun daga ranar Malam bai ƙara amsa gaisuwar yaron ba, ya hana shi cin abinci tare da shi, ya ce ba zai sake biyan ko dala ba, har ya fara tambayar inda ake kai kangararrun yara a ɗaure su. Na sa ƙanwata ta tambayi yaron, ya rantse cewa iyakar abin da ya sani shi ne an sha kama shi yana Hausa a ɗakin kwana alhali an hana, ya ƙi wanke wa manyan ɗalibai kaya har suka yi dambe da ɗaya daga cikinsu, kuma sau biyu ya haura katanga don ya sayo abinci. Yanzu ba ya fita, ba ya magana, ƙannensa ma sun fara jin ana kiransa da wannan suna a unguwa. Ɗan farina ne, ina jin nauyin in tsaya masa a gaban mahaifinsa, amma ba na iya barci. Saura mako biyu a koma makaranta. Don Allah mene ne ainihin ma'anar wannan kalma, kuma yaya zan yi?

Uwa mai damuwa, Damagaram

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne har yanzu babu wanda ya ji abin da yaron nan ya aikata daga bakin waɗanda suka rubuta takardar, amma an riga an yanke masa hukunci a gida, an kuma laƙaba masa suna a unguwa. Tun da kin tambayi ma'anar kalmar, bari mu fara da ita, domin a kanta aka ɗora duk wannan damuwa.

Asalin kalmar daga Latinanci ne, tsohon harshen Rumawa, wanda Faransancin da yaranmu ke koyo a lakwal ya samo tushe daga gare shi. A Latinanci "via" ita ce hanya, "de" kuma yana nuna rabuwa da abu ko sauka daga kansa, saboda haka in aka haɗa su ma'anar da ke fitowa ita ce sauka daga hanya. Ke ma kin san 'yar'uwar wannan kalma ko da ba ki lura ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar Maradi a lokacin da ake gyaran titi ya ga allon da ake kafawa a bakin hanya, an rubuta "Déviation" an zana kibiya. Direba yana isa wurin sai ya rage gudu, ya sauka daga kwalta ya bi ta jar ƙasa, ƙura ta turnuƙe, mata su rufe hanci da bakin mayafi, bayan ɗan lokaci ya sake hawa kwalta ya ci gaba da tafiyarsa. Babu fasinjan da ke cewa direban ya fanɗare. Ya bar hanyar da aka saba bi, iyakar abin da allon ya faɗa ke nan, kuma sai an duba dalili kafin a san ko barin nasa daidai ne ko kuskure. Ingilishi ma yana da wannan kalma, har masu lissafi suna amfani da ita wajen auna tazarar da ke tsakanin adadi da matsakaicinsa, likitoci kuma wajen bayanin gaɓar da ta ɗan karkace, kamar guringuntsin da ke raba ƙofofin hanci, kuma a duk waɗannan wurare babu zargi ko kaɗan a cikinta. Ita kuwa "deviant" siffa ce daga tushe guda, "behaviour" kuma hali ne ko ɗabi'a. Fassarar da ta fi kusa da abin da aka rubuta wa ɗanki ita ce hali mai saɓa wa ƙa'ida.

Inda aka samu tangarɗa shi ne Hausa ta fi Ingilishi rarrabe abubuwa a wannan fage. Mukan ce mutum ya kauce, kuma kaucewa kan zama hikima, kamar wanda ya kauce wa rami. Mukan ce ya saɓa, wato an ce ga yadda za a yi, shi kuma ya yi wani abu daban. Daga nan sai bauɗewa, sai kangara, sai gagara, kuma sai tura ta kai bango muke cewa yaro ya fanɗare, wato ya yi watsi da tarbiyya gaba ɗaya, ba ya jin ta uwa ba ya jin ta uba. Har muna cewa wane ya fita zakka a cikin 'yan'uwansa, kuma wannan kan zama yabo a wani wuri, ya zama suka a wani. Duk waɗannan matakai Ingilishi yana iya cusa su cikin kalma guda, ya bar mai karatu ya gane wanne ake nufi daga abin da ke kewaye da ita. Wayar ɗan maƙwabcinku ba ta san ɗanki ba, ba ta san makarantar ba, ba ta san abin da ya faru a ɗakin kwana ba, sai ta miƙo mafi nauyin ma'anonin, shi kuma ya isar da ita yadda ya gan ta.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar mutumin kasuwar nan tana da inda ta samo tushe. Idan aka kira mutum da kalmar ita kaɗai, aka mai da ita sunansa, a bakin masu jin Ingilishi sau da yawa tana ɗauke da zargin muguwar ɗabi'a ta fuskar jima'i, kuma zagi ne mai nauyi. Sai dai ba haka aka rubuta a takardar yaronki ba. An jingina ta ne ga hali, kuma wannan haɗi na kalmomi biyu magana ce ta malaman makaranta da masana zamantakewa, wadda ake koya wa malamai tun suna kwalejin horo. A Najeriya idan malami ya faɗe ta yana iya nufin makara, ko guje wa aji, ko surutu, ko ƙin sa kayan makaranta, ko faɗa, ko cin zalin ƙanana, ko satar amsa, har zuwa sata da shan ƙwaya. Kwando ne mai faɗin baki, ƙaramin laifi da babba duk yana ɗauka. A ganina kuma, da makarantar ta kama yaron da irin abin da ake raɗawa, da wuya ta yi shiru har ƙarshen zango ta kuma bar maganar a layi ɗaya a ƙasan takarda. Abin da aka saba shi ne a kira uba nan take, ko a sallami ɗalibi. Cewar da suka yi suna son ganin iyaye ta fi kama da ta masu neman gyara.

Akwai wani abu da masana suka daɗe da lura da shi wanda ya shafi yaronki kai tsaye. Wani masanin Amurka mai suna Howard Becker ya yi bayani a 1963 cewa aikin da mutum ya yi ba shi kaɗai ke sa a kira shi da wannan kalma ba, sai an duba wa ya kafa ƙa'idar, kuma wa ya ga dama ya liƙa sunan. Yin Hausa a tsakar gidanku shi ne daidai, amma a wancan ɗakin kwana laifi ne da ake rubutawa a littafi. Yaro ne da ya yi duk karatunsa da Faransanci, aka ɗauke shi rana ɗaya aka ajiye cikin masu Ingilishi, aka ce kada ya buɗe baki sai da harshen da bai riga ya iya ba. In bai yi Hausa ba, da me zai roƙi aron bokiti? Makarantar tana da hujjarta, domin ta haka ne bakin ɗalibi ke faɗawa da sauri, kuma dalilin da ya sa Malam ya kai shi ke nan. Amma wannan laifin baƙo ne da bai gama sanin gari ba, kuma lokaci ne maganinsa.

Har ma akwai saɓawar da masana ke nema da gangan, suna kiranta da wannan kalma ɗin dai, su ƙara mata siffar mai amfani. A farkon shekarun 1990, Jerry Sternin da matarsa Monique sun je ƙauyukan Biyetnam inda tamowa ta addabi yara, suka tarar da wasu iyaye matalauta da 'ya'yansu ke cikin ƙoshin lafiya, saboda suna zuba musu ƙananan jatan lande da ƙaguwa da ganyen dankali a abinci, abin da sauran mutanen gari ba sa ba yara. Daga waɗannan masu saɓa wa al'ada aka koyi maganin matsalar. Mu ma a nan mun ga irinsa. A shekarun 1980, lokacin da aka saba share gona tas kafin shuka, manoman da suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu a yankin Maradi sun sha dariya, ana ganinsu kamar ragwaye, yau kuwa wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Ban kawo wannan don in ce haura katanga abin yabo ba ne. Na kawo shi ne don ki ga cewa kalmar ita kaɗai ba ta gaya wa kowa ko saɓawar alheri ce ko sharri.

To mu dawo kan sauran abubuwa biyu da ya faɗa wa ƙanwarki. Ƙin wanke wa manya kaya, ni dai ban ga lalacewa a ciki ba. Na ga yaron da aka rene shi da sanin darajar kansa, ya tarar da wata al'ada ta makarantun kwana inda babba ke mai da ƙarami bawa, ya ƙi. Kuskurensa shi ne da ya bar abin ya kai ga dambe maimakon ya kai ƙara, ko da yake ya kamata a tambaya ko ya kai ƙarar ba a saurare shi ba. Haura katanga kuwa laifi ne na gaske, kuma ina roƙonki kada tausayi ya sa ki rage masa nauyi. Yaro ɗan shekara 16, a ƙasar da ba tasa ba, ya fita ba da sanin kowa ba; da wani abu ya same shi a waje, da babu wanda zai san inda za a neme shi. Dole ne ya ji daga bakin manya cewa wannan ba zai sake faruwa ba. Amma a tambaye shi kuma me ya fitar da shi. In yunwa ce, abincin makarantar ne bai isa ba, ko kuwa manyan ɗaliban nan ne ke ƙwace masa rabonsa da kuɗin kashewarsa? Sau da yawa waɗannan abubuwa biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ki kuma bar wa zuciyarki wuri cewa mai yiwuwa bai faɗi komai da komai ba. Yaron da ya ga mahaifinsa ya juya masa baya zai faɗi abin da yake ganin za a iya yafewa, ya riƙe sauran. Ki sa ido a hankali, ba tare da bincike na tozarci ba: yadda yake barci, yadda yake cin abinci, launin idanunsa, ko kuɗi na ɓacewa a gida, ko yana da rauni ko tabo da yake ɓoyewa. In kin ga alamar tramol ko wani abin maye, wurin likita za a nufa da shi. In kuma shirun nan nasa ya wuce na baƙin cikin fushin uba, to a yi tunanin ko shi ne aka cutar a can, domin yaran da aka zalunta a makarantun kwana sukan dawo a haka, ba magana ba fita, kuma kunya kan hana su faɗi sai ga wanda suka amince da shi ƙwarai. Tun da ya buɗe wa ƙanwarki baki, ta sake zama da shi su biyu, ta tambaye shi a fili ko akwai wanda ya taɓa shi ko ya tsorata shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki shi ne sunan da ya fara yawo a unguwa. Wani masani, Edwin Lemert, ya rarrabe saɓawa gida biyu tun a 1951. Akwai ta farko, wadda kusan kowane yaro kan yi ya wuce, akwai kuma ta biyu, wadda ke zuwa bayan an liƙa wa mutum suna, kowa ya riƙa mu'amala da shi a kan sunan, har shi ma ya yarda cewa haka yake, ya shiga neman waɗanda za su karɓe shi a haka. Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga ƙungiyoyin matasan nan da ake kira pale, mun kuma san cewa da yawa daga cikin yaran da ke faɗawa cikinsu sai da suka rasa wurin zama a gida da makaranta kafin su samu wurin zama a can. Yaron da aka hana shi kwanon mahaifinsa, wata rana zai samu wanda zai ce masa zo mu ci, kuma ba mu ne za mu zaɓa masa mutumin ba.

Duk da haka kada ki ɗauki Malam a matsayin abokin gaba a wannan magana. Mutum ne da ya tara kuɗinsa da gumi, ya canza sefa zuwa naira, ya ɗauki ɗansa na fari ya ƙetara iyaka da shi don yana hango masa abin da shi bai samu ba. Sai ga takarda da ba ya iya karantawa, aka fassara masa ita da mafi munin ma'ana, a tsakiyar kasuwa, a gaban abokan sana'arsa. Abin da kike gani kamar ƙiyayya, tsoro ne da kunya suka haɗu. Kuskurensa shi ne ya gaskata fassara kafin ya nemi mai maganar, kuma yanzu da ya furta hukunci a gaban iyali, janyewa za ta yi masa wuya sai an buɗe masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Alkunyar da kike yi wa ɗan fari abu ne mai kyau, kuma ba sai kin yar da ita ba kafin ki cece shi. Al'adar da ta hana ki tsaya masa a fili ita ce kuma ta tanadi waɗanda za su tsaya masa. Ki je wurin kakarsa ta wajen uba in tana raye, ko baffansa wanda Malam ke jin nauyinsa, ki kai musu maganar yadda take, har da laifin haura katanga, domin in kika ɓoye wani abu ya fito daga baya, maganarki ta rasa daraja. Abu ɗaya za ki roƙa, wato a dakatar da kowane hukunci har sai an ji daga makaranta. Ke kuma, in kin samu Malam shi kaɗai bayan isha'i, ya ci abinci ya huta, kina iya ce masa: "Malam, ban ce yaron nan ba shi da laifi ba, ina dai roƙon a ji laifin da sunansa, in ya so duk abin da ka yanke a kai mun bi." Wannan bai ƙaryata shi ba, bai kuma ƙwace masa ikonsa na uba ba. In baffan mai ilimi ne, ko aka sa limamin unguwa a ciki, za su tuna masa da Suratul Hujurat, inda aya ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, aya ta 12 kuma ta yi umarni da nisantar yawan zato domin wani sashe na zato zunubi ne. Daga bakinsu zai fi karɓar wannan tunatarwa.

Kafin a yi tafiya, a karɓo takardar ta dawo hannunki, kada ta sake zaga kasuwa. A nemi mutum ɗaya mai riƙon amana wanda Ingilishi sana'arsa ce, malamin lise, wato babbar sakandare, ko wani daga sashen Ingilishi na Jami'ar André Salifou, ya karanta wa Malam takardar gaba ɗayanta, da makin kowane darasi da bayanin kowane malami, domin sau da yawa abin da ke sama da layi da abin da ke ƙasa da shi su ne ke fayyace nufin marubuci. Daga nan a buga wa makarantar waya, in kuma da hali a je, domin gani ya kori ji, kuma Kano ba ta wuce tafiyar yini ɗaya ba. Malam ya tafi da baffan, su nemi ganin wanda ya rubuta kalmar da kuma malamin da ke kula da ɗakin kwana. Hausa za su yi da su, ba sa bukatar tafinta. Su tambaya a fayyace musu wane aiki yaron ya yi, a wace rana, sau nawa, wa ya gani, wane horo aka yi masa, kuma ko akwai wasu ɗalibai da aka rubuta wa irin wannan bayani a zangon. Su tambayi abin da aka yi wa babban ɗalibin da suka yi dambe da shi. Su roƙa a rubuta musu amsar a takarda da kalmomin da kowa zai gane. Malamin da ya rubuta wa iyayen da ya san ba sa jin Ingilishi kalma mai harshen damo irin wannan bai kyauta ba, ko da bai yi da mugun nufi ba, kuma babu rashin ladabi in an gaya masa abin da ta haifar a gidanku.

Maganar gidan mari kuwa, ina roƙonki da girman Allah ki sa duk wanda Malam ke jin maganarsa ya hana. A watan Satumba na 2019 'yan sanda a Kaduna sun fito da mutane sama da 300 daga irin wannan gida, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, cikinsu har da ƙananan yara, kuma a watan da ya biyo baya aka sake bankaɗo irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suka je nema. Ko da a ce an tabbatar da mafi munin abin da ake zato, mari ba ya warkar da shi, balle yaron da makinsa ke da kyau, wanda aka sani da Hausa a ɗakin kwana da dambe ɗaya da haura katanga sau biyu.

In bayanin makaranta ya yi daidai da abin da yaron ya faɗa, ni shawarata ya koma, bisa sharuɗɗan da za a faɗa a gabansa da gaban malaminsa: ba zai sake fita ba izini ba, in an zalunce shi ga wanda zai kai wa ƙara, za a sauya masa ɗaki in da hali, za a riƙa ajiye masa kuɗin kashewa a hannun malami, kuma a samu wani ɗan'uwa ko abokin kasuwancin Malam a Kano da zai riƙa leƙa shi ranar ziyara. In kuwa aka tarar makarantar ba ta iya kare ƙanana daga manya, ko ta ƙi fayyace abin da take nufi, to a nemi wata, ko a dawo da shi ya shiga lise a nan gida, ya riƙa ƙarin darasin Ingilishi da yamma. Mai yiwuwa hakan ya sa ya rasa shekara ɗaya tun da an riga an yi nisa da karatu, amma shekara ɗaya abu ne da ake mayarwa. In kuma aka samu laifin ya fi abin da ya faɗa, sai a fuskance shi da sunansa, a nemi maganin da ya dace da shi, yaron yana kusa da ku inda ido ke kansa.

Shi kuwa ɗan maƙwabcinku, kada a ɗauke shi da gaba, taimako ya yi niyya da iyakar saninsa. Mahaifiyarsa za ki samu, ki gaya mata cikin lumana cewa an tambayi masana an gano fassarar ba haka take ba, ki roƙe ta ta ja masa kunne ya daina maimaitawa. Ƙannensa kuma ki tara su ki gaya musu cewa wannan suna ba ya shiga gidanku, kuma duk wanda ya faɗa musu shi a waje su ce yayansu ɗalibi ne da ya zo hutu. In Malam ya dawo daga Kano da bayani a hannunsa, shi da kansa zai gyara maganar a kasuwa, a wurin da ta ɓaci.

Saura ke da shi. Na san ba za ki kira sunansa ba, ba kuma za ki zaunar da shi ki yi ta lallashi kamar autanki ba, kuma ba sai kin yi hakan ba. Yau da dare ki zuba masa tuwo da hannunki, ki kai masa har ƙofar ɗaki maimakon ki aiki ƙaninsa, ki ce masa kin ji abin da ya gaya wa innarsa, haura katanga bai kyauta ba, sauran maganar kuma ana kan bincike. Ki umarce shi ya ci gaba da durƙusawa yana gaida mahaifinsa safe da yamma ko ba a amsa ba, ya kuma riƙa bin sa masallaci. Mako biyu sun isa a yi waya, a yi tafiya, a dawo. In an ji daga makarantar, ki sake rubuto mini abin da suka ce, mu duba tare ko komawa ce ta fi ko zama a gida.